Abin da Tsohuwar Waƙa Ke Ajiye Mana

Ka tambayi mutumin Maraɗi da ya haura shekara 40 wace waƙa ya fi so, da wuya ya tsaya a kan waƙar. Zai faɗi sunanta a gurguje, daga nan sai ya zarce da labarin shekarar da ya fara bin motar Ɗan Isa, ko ɗakin da suke kwana su biyar a Sabon Gari, ko yarinyar da aka aurar wa wani yana ji yana gani. In mace ce, sai ka ji zancen ranar da aka sa ta a lalle, ko ƙawar da aure ya kai Agadas ba a sake haɗuwa ba. Ba mai ce maka ya zaɓe ta don amshinta ya fi tsari, ko don makaɗin ya fi kowa iya matsa kalangu.

A ganina, waƙar da muke cewa mun fi so, galibi ita ce ta same mu. Ta iske mu daidai lokacin da wani abu yake faruwa da mu, ta ɗauki abin ta riƙe. Sai dai ba kowace waƙa ke yin haka ba, ba kuma a kowane lokaci na rayuwa ba. Yadda abin yake aiki a garin nan ma ya ɗan sha bamban da yadda masu bincike suka auna shi a ƙasashensu.

Masu binciken sun fara ne da tambaya mai sauƙi: in aka kunna wa mutum waƙoƙin da suka yi tashe yana yaro, nawa ne daga ciki za su tono masa wani abu na rayuwarsa? A 2007, Petr Janata da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada wannan a kan ɗalibai, suka tarar kusan kashi 30 cikin 100 na waƙoƙin ne suka yi hakan. Sauran sun wuce salin-alin, ko da an san su. A 2009 Janata ya sa ɗalibai cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa yana kunna musu waƙoƙi. Ya ga duk lokacin da waƙa ta taso da tunani mai ƙarfi, wani sashe da ke daidai bayan goshi ne yake ƙara aiki, sashen da aka san shi da sha'anin abin da ya shafi mutum shi kansa, kuma sashen yana bin hawa da saukar kiɗan. Wasu masu bincike a Montreal ta Kanada sun nuna a 2011 cewa kiɗan da ya ratsa mutum har tsigar jikinsa ta tashi yana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin dofamin, wanda take saki in an ci abinci mai daɗi, kuma tana fara sakinsa tun kafin a iso gaɓar da mutum yake jira. Wannan bayani ne na abin da muke gani a filin biki: tsohuwa tana zaune tana ta faɗa da jikoki, makaɗi ya juya hannu, kafin ma zabiya ta buɗe baki kafaɗarta ta fara motsi.

Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne kashi 70 ɗin da ba su tono komai ba. Sanin waƙa bai isa ba. Sai an ji ta cikin wani hali na zuciya, daɗi ko ɓacin rai, sannan take manne wa abin da ke faruwa. Kuma akwai shekarun da mannewar ta fi ƙarfi.

Tun cikin shekarun 1980 masana halayyar ɗan Adam, irin su David Rubin, suka lura cewa in aka ce dattijo ya tuno rayuwarsa, yawancin abin da zai kawo ya faru ne tsakanin yana ɗan shekara 10 zuwa 30. Lokacin ne ake yin abubuwa karon farko: tafiyar farko, kuɗin farko da mutum ya samu da guminsa, soyayyar farko, rashin farko da ya gane ma'anarsa. Wani bincike na 1989 a Amurka ya ce son waƙa yana kai ƙololuwa ne a kan waƙoƙin da suka fito mutum yana wajen shekara 24. Wani kuma da aka yi a 2020 a kan mutum 470 a Faransa ya ce tunanin da waƙa ke tasowa ya fi yawa a waƙoƙin da mutum ya ji yana wajen shekara 14. Alƙaluman sun saɓa, amma duk cikin ƙuruciya suke.

Ɗora wannan a kan Maraɗi, sai ka ga ƙarni uku suna zaune a gida ɗaya, kowane da kunnensa. Wanda yake da shekara 60 da 'yan kai a yau, samartakarsa ta faɗo zamanin shugaban Nijar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, zamanin ƙungiyoyin matasa na samariya. A 1975 aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya kayar da kowa, shi ya sa filin kokowar garin yake ɗauke da sunansa. A 1976 aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram, kowace jiha tana kai waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, Muryar Sahel, rediyon ƙasa, tana ta maimaita su har shekara ta zagayo. Wanda yake tsakanin 45 da 50 kuwa, nasa lokacin shekarun 1990 ne: taron ƙasa na 1991, karyewar darajar sefa a Janairun 1994, buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani, zaman fada, wato majalisar samari, da shayi har tsakar dare, da Sa'adu Bori, ɗan garin nan, wanda ya ɗauko kiɗan bori ya ɗora shi a kan jita kafin haɗarin mota ya yi ajalinsa a 2008. 'Yan 30 zuwa 35 su kuma fiyanon finafinan Kano ne ya raine su, har 'yar Maraɗi, Fati Nijar, ta ƙetara can ta yi suna.

To, in Baba ya ce waƙar yanzu ba ta da ma'ana, sai kiɗan inji da lanƙwasa murya, akwai gaskiya a zancensa, domin na'ura ta rage wa mawaƙi wahalar koyon sana'a. Amma rabin hukuncin nasa ba na waƙa ba ne. Waƙar yanzu ta iske shi bayan shekarun mannewa sun wuce, ba ta riƙe masa komai ba, don haka yake jin ta fanko. Shi ma da yake saurayi, manyansa sun ce waƙar samariya wasan yara ce in an gwada ta da kiɗan taushi da kotso na fada.

Inda na fara rabuwa da binciken Turawa shi ne a nan. Yawancin gwajin da suka yi, sun yi shi ne da waƙoƙin da ke da shekarar fitowa, waɗanda aka buga a faifai aka jera a jadawalin ciniki. A wajenmu babban kaso na waƙar da mutum ya taso da ita ba ta da shekara, ba ta da mai ita. Waƙar daka da luguden taɓarya, waƙar niƙa da mace take yi da asuba tana zuba damuwarta a kan dutse, waƙar reno, waƙar gaɗa a dandali daren farin wata, waƙar da 'yan mata ke yi in za a kai amarya, waƙar tashe cikin azumi, gangar noma ranar gayya. Irin waɗannan ba sa mayar da kai wata shekara. Muryar mutum ɗaya suke kawo maka, ko wani lungu na gida, ko wani yanayi na shekara, kamar sanyin kaka in an fara sussuka.

Kuma su ne suka fi saurin ɓacewa, don ba a kashe su da gangan ba, aikin da suke rakiya ne ya mutu. Injin niƙa ya shigo unguwa, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki, waƙar ta bi shi. Wutar lantarki da talabijin da tsoron barin 'ya'ya mata waje da dare sun kwashe dandali. Mutum yana iya neman waƙar Shata a wayarsa ya samu cikin minti ɗaya, amma waƙar da kakarsa take yi tana damun fura ba ta cikin kowace waya. Abin da zai tono ta sai dai ƙarar turmi daga maƙwabta, ko wata tsohuwa daga Tsibiri ko Gidan Rumji da ta zo suna ta rera baiti biyu ba tare da ta san abin da ta tayar ba. Nan za ka ga magidanci ya yi tsit, ya ce, "Inna, don Allah ku ƙara ta." Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Matsalar wannan rukunin ita ce, in mai ita ta tafi, babu wani bakin.

Wani bambancin kuma, waƙarmu ta maroƙa tana ɗauke da sunayen mutane. Tuna baya shi ne roƙo, in ji masu magana, kuma sana'ar ke nan: a ambaci mutum, a ambaci ubansa da garinsu da kyautar da ya yi. Maraɗi gari ne na fada da kasuwa. Sarautar Katsina ta zauna a nan tun bayan jihadi, ta Gobir tana Tsibiri, ga kuma alhazan da cinikin gyaɗa da fatauci da Najeriya suka tayar bayan ambaliyar 1945 ta sa an kwashe garin daga bakin gulbi zuwa tudu. Duk inda sarauta da dukiya suka haɗu, makaɗa ba sa nisa. Saboda haka tsohuwar waƙa a nan tana aiki biyu a lokaci guda. Tana tono wa mai saurare abin da ya shafe shi shi kaɗai, tana kuma karanta masa sunayen mutanen da ya sani ko ya ji labarinsu, waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Jikan wanda aka ambata yana jin ta daban da jikan wanda aka yi wa zambo a cikinta. Haka take, wato kiɗan kirari, yake: mahauta da nasu, maƙera da nasu, 'yan kokowa kowa da nasa. Ɗan mahauta da ya zama ma'aikacin banki, bai taɓa riƙe wuƙar fawa ba, ya ji taken gidansu a kalangu sai ya tsumu.

Rediyo ma ya shigo ta wannan ƙofar. Shirin zaɓi sonka rabinsa waƙa ne, rabinsa jerin gaisuwa: daga wane a unguwa kaza, zuwa ga wance, da masu shayi na bakin tasha, da duk wanda ya san shi. Mutane da dama sun fi tuna ranar da aka karanta sunansu a kan waƙar da aka sa bayansa, amma su biyun sun riga sun ɗaure, ba mai kwance su. Kuma kunnen Maraɗi kudu yake fuskanta. Katsina ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, Yamai kuwa ta haura 600. Rediyon Kaduna yana shigowa, kaset yana biyo motocin Jibiya, shi ya sa Mamman Shata, haifaffen Musawa wanda ya rasu a 1999, bai taɓa zama baƙo a garin nan ba. Iyaka ta raba takardu da kuɗi, ba ta raba abin da mutane ke ji a shago ba.

Ba duk abin da waƙa ke ajiyewa ne ake son a sake gani ba. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe iyakokinta, damina kuma ta ƙi, aka shiga yunwar da mutanen yankin nan suka raɗa wa suna El Buhari. Wanda ya yi wayo a lokacin, waƙar da ke tashe a shekarar tana iya zo masa da layin rabon hatsi da bisashen da suka mutu a hanyar Dakwaro. Matar da aka saka, waƙar bikinta ba abin shauƙi ba ce a wajenta. Akwai mai tashi daga majalisa in an sa wata waƙa, ya ce zai kama ruwa, alhali abokinsa da suke jin ta tare ne ya rasu. Ƙwaƙwalwa ba ta tambayar mutum ko yana so, ta buɗe masa kawai.

A ɗaya gefen kuma, tana yi mana kwaskwarima. Tunani ba kaset ba ne da za a mayar baya a ji abin da aka ɗauka daidai. Masana sun nuna duk lokacin da mutum ya tuno abu, sake gina shi yake yi, kuma halin da yake ciki a ranar yana shiga ginin. Waƙa mai daɗi takan shafa wa shekarar da ta fito zuma. Sai ka ji ana cewa da can an fi kwanciyar hankali, abinci ya fi albarka, mutane sun fi amana, alhali mai maganar shekarun fari yake nufi, kawai dai lokacin uwarsa tana raye, gwiwarsa ba ta ciwo, ba a kuma jiran kuɗin cefane daga aljihunsa. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. 'Yan siyasa sun gane wannan sarai. Tun zaɓen 1993 da wuya a ga jam'iyyar da ta shiga kamfe ba mawaƙi, kuma sau da yawa tsohon kari ake ɗaukowa a zuba masa sabbin kalmomi, don jama'a su ji sun saba da ɗan takara tun kafin su san abin da zai yi musu.

Akwai kuma waɗanda suka bar kiɗa don addini, kuma a Maraɗi suna da yawa. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi a garin nan tun shekarun 1980, kuma wa'azinta ya sa mutane da dama sun tattara kaset ɗinsu sun rabu da su. Hukuncin wannan na malamai ne, ba nawa ba. Abin da nake iya faɗa shi ne, rabuwa da kaset bai goge abin da ya riga ya zauna ba. Alhaji yana wucewa ta kasuwa, amo ya fito daga rumfar mai gyaran waya, ya yi istigfari ya ƙara sauri, amma shekarar da ya yi tallan goro ta riga ta faɗo masa. 'Ya'yansa da suka taso ba kiɗa a gida su ma ba su tsira daga al'amarin ba, abin da ya riƙe musu ƙuruciyar ne ya canza: waƙen Islamiyya na ranar sauka, muryar mai tafsiri a rediyo da yammacin azumi, kabbarorin safiyar Idi. 'Yan ɗarika kuma suna da bege da mandiri na daren Mauludi.

Zurfin wannan ajiya yakan bayyana a ƙarshen rayuwa. A 2015 masu bincike a Leipzig ta Jamus da abokan aikinsu sun gano cewa sassan ƙwaƙwalwar da ke riƙe waƙar da mutum ya daɗe da sani suna cikin waɗanda cutar mantuwa ta Alzheimer take jinkirin lalatawa. Masu jinyar tsofaffi a gidajenmu ba su buƙaci na'ura ba kafin su san haka. Tsohuwar da gigin tsufa ya kama, ba ta gane 'yarta, tana tambayar mijin da ya rasu shekara 20, amma in an ɗauko mata waƙar gaɗa sai ta karɓa ta kai ta ƙarshe ba tuntuɓe. Waƙar ba ta warkar da ita, amma takan kwantar mata da hankali na ɗan lokaci, kuma hanya ce ta zama da ita in magana ta ƙare.

Saura batun yawa da ƙaranci, wanda nake jin shi ne ya fi shafar yaran yanzu. Akwai ƙa'ida a ilimin tunani da ke cewa, in abu ɗaya ya ɗaure da abubuwa da yawa, ƙarfinsa na tono kowane ɗaya daga cikinsu yana raguwa. Zanen da aka ajiye a ƙasan akwati shekara goma, ranar da aka ɗaga shi ƙamshin turaren bikin yana nan, wanda ake ɗaurawa kullum kuwa sabulu ya daɗe da wanke shi. A zamanin kaset waƙa tana da tsada. Batir kuɗi ne, zare yana tsinkewa a liƙe shi, ana juya shi da biro don kada batir ya ƙare, waƙar rediyo kuma in ta wuce sai wani mako. Ana jin ta sau kaɗan, a wuri sananne, tare da mutane sanannu. Yau masu tura waƙa a bakin kasuwa suna cika wa mutum memori da ɗaruruwa a kan kuɗin da bai kai na kwanon tuwo ba. Ɗan kabu-kabu yana jin waƙa ɗaya tun safe har dare, a unguwar Zariya, a Mokoyo, a Ali Ɗan Sofo, cikin rana da cikin ƙura. Wace rana ce daga ciki za ta riƙe masa? Ko mu manya muna yi wa kanmu wannan ɓarnar. Mutum ya samo waƙar ƙuruciyarsa a intanet, ranar farko har da hawaye, sai ya mai da ita ƙarar kiran wayarsa. Bayan wata biyu abin da take tuna masa shi ne mai bin sa bashi.

Ba ina cewa yaran yau ba za su sami abin tunawa ba. Shekara 14 tana nan da ƙarfinta, ko da guntun waƙar daƙiƙa 30 ne a TikTok. Abin da ke canzawa shi ne da wa ake ji. Wani bincike na 2013 a Jami'ar Cornell ya tarar ɗalibai suna da shaƙuwa ta musamman da waƙoƙin da suka yi tashe lokacin samartakar iyayensu, tun su ba a haife su ba, don sun taso ana sa su a gida. Haka waƙa ke tsallaka ƙarni: rediyo ɗaya a tsakar gida, kowa yana ji ko yana so ko ba ya so. Gidan da kowa ya toshe kunnensa da tasa wayar, Baba yana jin Shata shi kaɗai, 'yarsa tana jin nata ita kaɗai, wannan hanyar ta yanke.

Wuraren da suka rage ana ji tare su ne gidan biki, motar haya, fada, da kuma kokowa. In lokacin gasar kokowa ta takobi ya zo cikin sanyi, kusan kowane shago a Maraɗi yana kama tasha ɗaya, mai shayi da tela da ɗan lakwal da tsohon da ya ga Kantu da idonsa duk ganga ɗaya suke ji, kirari ɗaya, har a gama gasar.